Shekarar da Aka Rufe Mana Dutse

Ku da kuke zama a nan unguwar Mansur ta Makka kuna shan shayi, na ji abin da ɗayanku ya ce jiya, wai fasa dutse yanzu hutu ne: ka hau bokilen, motar nan mai tono, ka rufe gilashi, ka kunna sanyi, ka yi ta danna hannu har a kira la'asar. Ban tanka ba a lokacin. Yau zan tanka, kuma da Hausa zan yi. Wanda Larabci ya cinye wa kunne ya matso, ya riƙa tambayar na kusa da shi. Kada kuma ku ce in zauna, a tsaye na fi iya magana.

A unguwar Jarwal aka haife ni, a wani lungu da yanzu otal ya hau kansa. Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso, ya yi shekaru a Sudan yana aikin gonar auduga kafin ya tsallako teku. A nan ɗinki ya kama. Ya so in gaje shi, amma ni ba na iya zama gaban keke, sai ya gaji ya kai ni wurin wani abokinsa da suka sha wahalar hanya tare, Baba Ilyasu, wanda ke yanka dutse wa masu gini. Ya ce masa ga shi nan, ƙafarsa ba ta zama, ka nema masa abin da zai gajiyar da shi.

Aikina na farko a kan wani tudu ne da ake so a daidaita don a zuba harsashin gida. A lokacin babu bokilen ɗin da kuke magana, ko akwai ma ba ya iya hawa irin waɗannan lungunan. Kwamfaresa ce ake ajiyewa a ƙasa, a ja tiyon iska har sama, a ɗaura masa injin hannu da muke kira daggag. Sauran kayan su ne guduma, da diga, da shebur, da baro, da wani dogon ƙarfe na ɓamɓara. Na daɗe Baba Ilyasu bai bari na taɓa injin ba. Jan tiyo nake yi, da kai bakin ƙarfe wurin maƙeri a wasa shi, da ɗaure mahaɗar tiyo da waya. Na raina wannan ɗaurin har ranar da na ga mahaɗa ta cire a wani aiki da ke kusa da namu. Tiyon ya miƙe yana bulala a iska, kafin a kashe kwamfaresa ya zubar wa wani mutum haƙoran gaba.

Abin da Baba Ilyasu ya fi koya mini shi ne sauraro. Kafin kowa ya tsaya a gindin bango sai ya bi shi da guduma yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen dutse yana amsawa da ƙara siririya, kamar ka bugi kwano. Wanda ya rabu da uwarsa ta ciki kuwa, amsarsa kamar ta ganga ce, kuma shi ne za a ɓamɓaro da dogon ƙarfe kafin ya sauko da kansa. Da na fara riƙe daggag, in aka tashi aiki hannuna ba ya daina rawa. Kofin shayi sai na haɗa hannu biyu, duk da haka rabi a rigata yake ƙarewa. Kunnuwana kuwa har yau ba su dawo daidai ba, shi ya sa kuke jin ina ɗaga murya.

Masu ba mu aiki kusan duk halinsu ɗaya. Kun san Makka ba ta da fili a shimfiɗe, wanda ya sayi fili gefen dutse ya saya, kuma so yake gini ya tashi kafin alhazai su sauka. Na tuna wani aiki da muka yi a saman wasu gidaje, inda a ƙasa da mu daidai akwai tankin ruwan wata tsohuwa da ɗakin girkinta. Babu halin a bar ko tsakuwa ta gangara. Muka kafa katanga ta katako da tsofaffin tayoyi, duk dutsen da aka fasa sai a ɗauke shi a hannu a kai baro. Mai filin kullum yana tsaye a kanmu yana cewa yalla, yalla, wato mu yi sauri. Tsohuwar kuma tana leƙowa ta taga tana yi mana addu'a da baki ɗaya, tana tsine wa mai filin da ɗayan. Muka gama ba mu fasa mata ko kofi ba, mai filin kuwa bai sake kiranmu ba, wai mun cika nawa.

Mutanen hukuma masu duba aiki, da can ba mu cika ganinsu ba sai in za a tayar da nakiya. Daga baya doka ta yi tsauri. Aka ce dole kowa ya sa hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki, mai hawa ya ɗaura igiya, a riƙa zuba ruwa a bakin inji don ƙura, kuma kada a yanka dogon bango a miƙe, sai dai hawa-hawa kamar matakala, a lulluɓe shi da raga. Mufattish, wato mai dubawar, yana da ikon ya tsayar da aiki nan take. Ba ma son ganinsa, kuma dalili biyu ne. Na farko, mu masu aikin yini ne, ranar da inji bai yi ƙara ba babu cefane. Na biyu, rabin mutanen da ke wurin ba su da iƙama, wato takardar zama. Sun zo aikin Hajji ne suka zauna. Da an hango farar motarsa ta kwano, sai ka ga wuri ya yi fayau, shebur a yashe, takalmi wari ɗaya a kan tsakuwa. Mu masu takarda sai mu ruga wurin akwatin da ake ajiye huluna sababbi fil, kowa ya kifa ɗaya a ka, in motar ta tafi a mayar.

Aikin da ya jawo mana muguwar shekara a bayan unguwar Aziziyya yake. Wani muƙawil, ɗan kwangila ke nan, ya karɓi yankan gefen dutse don a gina dogon bene na alhazai. A lokacin na riga na koma tuƙa bokilen mai daggag a baki. Baba Ilyasu ya tsufa, ba ya riƙe inji, amma ana ajiye shi saboda kunnensa da idonsa. Cikin masu aikin ƙasa akwai Haruna, mutumin Maraɗi, wanda ya shekara da yawa a nan ba takarda. Matarsa tana sayar da waina a nan Mansur, suna da yara ƙanana. Shi ne mai jan tiyon ruwa da share gindin bango, kuma bai taɓa makara ba.

Mufattish ɗin da ke zuwa mana matashi ne, injiniya, ba ya yawan magana. Bambancinsa da waɗanda muka saba gani shi ne ba ya tsayawa wurin huluna. Zagayawa yake ya hau can ƙololuwar dutsen da ƙafa, ya daɗe yana dube-dube, ya sauko wandonsa duk ƙura. Ranar da ya zo na ƙarshe kafin abin ya faru, ya ce wa muƙawil bangon baya ya yi tsayi a miƙe, kuma shimfiɗar dutsen a wurin ta karkato ne zuwa cikin ramin da muke aiki. Ya ce akwai tsaga a sama, can baya da baki, wadda ba a gani daga ƙasa. Ya hana a sake aiki a gindin wannan bangon sai an sare shi hawa-hawa daga sama an sa raga. Aka ja jan kirtani aka zagaye wurin.

Yin hakan zai ci watanni, Hajji kuma ta matso. Muƙawil ya yi kwanaki yana bin umarni, sannan ya fara cewa a ɗan share nan, a ɗan kwashe can, har kirtanin ya koma ƙarƙashin tsakuwa. Baba Ilyasu ya bi gindin bangon da gudumarsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, dutse yana amsa masa da ƙarar kwano. Ya ce iya inda hannunsa ya kai lafiya lau ne, abin da ke sama kuwa shi bai hau ba. Muƙawil ya riƙe rabin farko na maganar ya bar na biyun.

Sai aka yi ruwa, irin ruwan Makka da kuka sani, wanda ke sauka lokaci ɗaya ya mayar da titi kogi. Washegari muka tarar da ramin ya cika da laka. Aka tura Haruna da wasu mutum biyu su buɗe wa ruwa hanya a gindin bangon baya. Ina cikin bokilen a ɗaya gefen, da hantsi, sai na ga tsakuwa tana zubowa siririya daga sama kamar ana zazzage buhu. Na danna oda ban ɗaga hannu ba. Mutum biyun suka yar da shebur suka ruga. Haruna ya juya zai bi su, laka ta riƙe masa takalmi. Wani falalen dutse ya zamo, faɗinsa ya kai ƙofar gareji, ya kwanta masa a ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa.

Da ƙura ta lafa muka same shi da ransa, idonsa biyu, yana salati. Wakilin muƙawil, wanda ke tsaye a kanmu kullum, ya iso yana haki. Ya ce kada kowa ya taɓa waya. Ya ce in kawo bokilen in ɗaga dutsen, a sa Haruna a bayan mota a kai shi wurin wani maɗori, shi zai ji da komai. Na ɗaga kai na dubi bangon. Inda falalen ya fito ya bar wani a rataye, ya fi shi girma, ruwa yana tsiyaya ta bayansa. Nauyin bokilen da girgizarsa kaɗai sun isa su sauko da shi. Mutane kuwa har sun fara tono da hannu a ƙarƙashinsa.

Haruna ya kama mini rigar aiki. Ya ce, "Malam Sa'idu, don girman ɗakin Allah kada ka kira su. In suka zo, ni da Makka shi ke nan. Yarana fa?"

Na dubi Baba Ilyasu. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin falalen, ya ga yadda jini ke bin ruwan laka. Ya miƙe a hankali ya ce mini, "Wannan ya wuce maɗori. Kuma na saman nan ba zai jira mu ba."

Na zare rigata daga hannun Haruna, na koma gefe na kira 'yan ceto. Wakilin yana zagina da Larabci, ban bar wurin ba sai da na gama yi musu kwatance. Kafin a ji jiniya, marasa takarda sun watse ta bayan dutse. Mutum ɗaya ne ya ƙi tafiya, wani ɗan garin su Haruna, wanda ya zauna cikin laka ya ɗora kan Haruna a cinyarsa.

Abin da 'yan ceton suka fara yi shi ne korar kowa daga gindin bangon, har da mu da muke ganin mun fi su sanin dutse. Suka sa mutum ɗaya a can gefe, ba ya komai sai kallon na saman. Suka tura wasu jakunkunan roba ƙarƙashin falalen, suka riƙa hura musu iska a hankali, suna cusa katako duk inda ya ɗaga. Likitansu ya ɗaure cinyar ya sa masa ruwa tun kafin a zare ƙafar. Ya ce da mun ɗaga dutsen da kanmu lokaci ɗaya, da wuya Haruna ya kai bakin titi. Suka fito da shi a kan gadon ɗaukar majinyata, suka kwashe kayansu. Ba mu gama wanke hannu ba na saman ya sauko. Ya rufe daidai inda mutane suka durƙusa suna tono, har da shebur ɗin da suka bari.

Mufattish ya iso ana cikin haka. Ɗan garin su Haruna yana tsaye jikinsa duk laka da jini, ya kasa gudu, ya kasa zama. Mufattish ya dube shi ya ce shi ba duba takarda ya kawo shi ba, ya je ya wanke jikinsa. Mutumin ya bi ta bayan tankin ruwa, ba a sake ganinsa a wurin ba. Sannan mufattish ya tako har inda jan kirtaninsa ya leƙo daga cikin laka, ya tsaya yana kallonsa. Bai ɗaga murya ga kowa ba. A ranar aka rufe wurin, aka sa hatimi a kan injuna, kuma cikin makon aka bi sauran ayyukan muƙawil ɗin aka rufe su duka.

Nan shekarar ta fara. Mutane da yawa suka rasa aiki a lokaci ɗaya, yawancinsu a nan unguwar suke, kuma kowa ya san wanda ya yi kiran. In na shigo layin nan sai hira ta mutu. Akwai waɗanda muka ci abinci a kwano ɗaya shekara da shekaru, suka koma amsa mini sallama da ka. 'Yan kwangila kuma labari ya kai musu cewa ni mai kiran hukuma ne, duk inda na je neman tuƙi sai a ce an riga an ɗauki wani. Na yi dakon kaya a kasuwar kayan miya. Na yi lebura wurin masu tayil. Na karɓi motar wani ina kai ruwa gidaje. Ba wanda na daɗe a ciki. Da asuba nakan tashi in sa takalmin aiki, sai na kai bakin ƙofa in tuna babu inda za ni, in yi ta zaga unguwa har rana ta yi zafi. Sau da yawa ƙafata takan kai ni Aziziyya, in tsaya a bakin shingen ina kallon bokilen ɗina ƙura ta rufe shi. An kuma yi ta kiranmu ofis ana tambayarmu yadda abin ya faru, ni da Baba Ilyasu. Shi abin da ya faɗa musu bai canza ba ko sau ɗaya: gudumarsa ta gaya masa gaskiyar ƙasa, yaron nan mufattish kuma ya gaya musu gaskiyar sama, aka zaɓi wadda ta fi sauri.

Haruna ya daɗe a asibiti. An ceci ƙafar, an sa mata ƙarfe, amma ba ta lanƙwasuwa. Hukuma ta tilasta wa muƙawil ya ɗauki nauyin jinyar ya kuma biya shi diyya. Da ya warke aka yi abin da ya ce za a yi, aka shirya mayar da shi gida. Matarsa ta sayar da tandarta da kwanukanta, ta bi shi da yaran. Kafin su tafi na je gaishe shi. Matar tana ganina ta ja mayafi ta fita. Shi kuwa ya nuna mini kujera, muka gaisa. Can ya daki ƙarfen ƙafarsa da yatsa.

Ya ce, "Ka bar mini ƙafa, ka raba ni da Makka. Har yau ban san wanne zan fara gaya wa mutanen gida ba."

Na ce ya gaya musu duka biyun. Ya ce haka zai yi. Ya miƙo hannu muka yi musabaha, ya ce in gaishe da Baba. Rabona da shi ke nan.

Sai bayan Hajji ta wuce, ta shekara mai zuwa ta matso, aka buɗe wurin a hannun wani kamfani dabam. Sharuɗɗan da aka gindaya musu suna da yawa. Aka fara sare bangon daga sama hawa-hawa, aka huda shi aka zura dogayen ƙarafa, aka lulluɓe da raga aka fesa siminti. Aka kuma ce dole a ajiye mutum ɗaya wanda ba ya tuƙi, ba ya tono, aikinsa kawai ya zagaya sama da ƙasa yana duba bango, kuma in ya busa usur kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita, ko da mai kamfanin ne a tsaye. Ba wanda ya so wannan aikin, don mai yinsa ba ya da aboki. Mufattish ya ce musu akwai wani direba da ya riga ya saba da hakan. Haka aka aiko a kira ni. Aka tura ni horo na ɗan lokaci, inda na koyi karanta tsaga daga sama da sa mata alama don a gane ko tana buɗewa. Na haɗa da gudumar Baba Ilyasu, wanda a lokacin ya daina fita.

Ranar da na fara busa usur ɗin, motocin kankare suna jere a bakin titi ana shirin zuba harsashi. Da safe na hau sama na ga alamar da na sa a wata tsaga ta ɗan goce, abin da bai fi kaurin farce ba. Na sauko na sake hawa na duba. Sannan na busa. Aka kashe injuna, mutane suka fito suna gunaguni, suka tsaya a rana. Kankare ya fara bushewa a cikin motoci, dole aka juya da su. Injiniyan kamfani ya hau ya auna, ya ce a ƙara ƙarafa a wurin kafin a koma, aka yi kwana biyu ana wannan. Duk tsawon lokacin bangon yana tsaye, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba.

Da aka koma aiki, wakilin sabon kamfanin ya same ni a gindin tankin ruwa ina ɗaure takalmi. Ya nuna bangon da haɓa.

Ya ce, yana kirana baffa da Larabci, "Ka gani ko, ya ammi? Babu abin da ya faɗo."

Na ce, "Na gani."

Ya tsaya yana jira in ƙara wani abu. Na rataya usur ɗina a wuya, na ɗauki guduma, na kama hanyar sama.